Zagayen tsibirai huɗu a Krabi: duba kwanan wata kafin ka yanki tikiti

Ɗan kasuwar Zariya da ya je Bankok saro kaya, ko malamin jami'a daga Samaru da taro ya kai shi Tailan, idan kwana biyu ko uku suka rage masa kafin jirgin dawowa, da wuya dillalan yawon buɗe ido su ƙi tallata masa Krabi. Lardi ne a kudancin ƙasar, a gaɓar tekun Andaman, tafiyar kamar awa ɗaya da minti 20 a jirgin sama daga Bankok. Daga filin jirgin Krabi mota za ta sauke ka a garin Ao Nang cikin kusan minti 40. A nan kusan kowane ɗan kanti a bakin titi haja ɗaya yake sayarwa: zagayen tsibirai huɗu a jirgin ruwa, wato Ko Kai da Ko Tup da Ko Poda da Phra Nang. A ɗauke ka a otal wajen ƙarfe 8 na safe, a ba ka abincin rana a tsibiri, a dawo da kai tsakanin ƙarfe 2 da 3.

Zagayen ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi guda, wanda mai yankar tikiti ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya.

Abin da ake nuna maka a hoton talla sunansa Thale Waek. Wani siririn tudun farin yashi ne da ke haɗa tsibiran Ko Kai da Ko Tup da Ko Mo, mutum ya taka da ƙafa daga wannan zuwa wancan, teku dama teku hagu. Sai dai yashin nan ba kullum yake a waje ba, sai ruwa ya janye. Teku yana cikowa ya ja baya sau biyu a kwana da yini, kuma lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50 kowace rana, domin wata yake bi. A nan Bazazzagi ya fi Bature sa'a, tunda lissafin watan Musulunci a bakinsa yake. Ruwa ya fi janyewa a kwanakin da wata ya cika, wajen 14 zuwa 16, da kuma ƙarshen wata zuwa tsayuwar sabo. Wajen 7 da 8, ko 22 da 23, bambancin cikowa da janyewa kaɗan ne, yashin ba ya fitowa sosai.

Ga inda ake yin asara: a kwanakin da ruwan ya fi janyewa, janyewar takan faɗo ne da sassafe da kuma bayan la'asar, da hantsi zuwa azahar teku a cike yake. Ke nan wanda ya shiga zagayen safe ranar 15 ga wata zai iya isowa Ko Tup ya tarar da ruwa har ƙugu a inda aka ce masa hanya ce. Maganinsa shi ne ka buɗe jadawalin cikowar teku na Krabi a intanet, ka ga ƙarfe nawa ruwa zai yi ƙasa a ranar, sannan ka tambayi mai kanti ƙarfe nawa jirginsu ke isa Tup. In lokutan biyu sun yi hannun riga, ka ɗauki zagayen yamma wanda ke tashi bayan azahar, ko ku haɗa kuɗi ku yi shatar jirgi guda, ku tsara wa direba inda za a fara.

Jirgin kansa iri biyu ne. Akwai mai gudu, ya fi tsada, yana rage lokaci, amma yana dukan igiyar ruwa da ƙarfi, wanda ya zauna a gaba bayansa zai gaya masa. Mai ciki da mai ciwon baya su bar shi. Akwai kuma kwalekwalen katako mai doguwar wutsiya, wanda shi ne na gargajiya. Injin mota ne aka ɗora a bayansa kan wani ƙarfe mai juyawa, aka jona masa dogon sanda mai farfela a ƙarshe, direba ya riƙa juya injin gaba ɗaya don ya karkata jirgin. Ƙararsa ta fi ta injin markaɗe, hira ba ta yiwuwa sai an kashe. Duk da haka shi ya fi dacewa da wannan zagayen, domin tsibiran ba nisa: Ko Poda kilomita 8 ne kacal daga Ao Nang, kamar minti 25. A yawancin wuraren tsayawa babu gadar sauka, sai dai ka shiga ruwa zuwa gwiwa ka hau wani ɗan tsanin ƙarfe mai santsi. Babbar riga da takalmin fata ba nan ne wurinsu ba. Wando mai saurin bushewa, silifas mai maɗauri, waya da fasfo a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Kada kuma a tsaya a bayan jirgi lokacin da direba ke ɗaga wutsiyar, farfelar a buɗe take.

Ko Kai, wato tsibirin kaza, sunan ya samo asali ne daga wani dutse da ya miƙe kamar wuyan kaza da kanta. Ba a cika sauka ba, ana ɗaukar hoto daga cikin jirgi, sai a tsaya a gefe a ba mutane gilashin ido da bututun numfashi su leƙa kifi. Murjanin wurin ba wani abin a zo a gani ba ne, kifayen dai suna da yawa. Mafi yawanmu ba mu iya iyo ba, kuma wanda ya yi wasan ruwa a Galma yana yaro kada ya ɗauka ya san teku. A sa rigar da ke hana nutsewa, a ɗaure maɗaurin da kyau, in ya yi sako-sako rigar za ta haura ta rufe fuska. Kada a taka ƙasa inda duwatsu suke, akwai bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Ba wa kifi burodi laifi ne a gandun ƙasa da tsibiran suke ciki. Haka nan tun 2021 an hana shafa man kariyar rana mai wasu sinadarai irin su oxybenzone a gandunan teku na ƙasar, tarar tana kai baht 100,000, kuɗin Tailan.

Tunda an zo maganar gandu: tsibiran suna cikin gandun ƙasa na Hat Noppharat Thara da Mu Ko Phi Phi, kuma sau da yawa kuɗin shiga ba ya cikin tikitin da ka yanka. Na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Ka sa mai kanti ya rubuta a rasit ko yana ciki ko babu, kuma ka adana shaidar biyan kuɗin gandun, ana iya neman ta a tsibiri na gaba.

Wurin da ya fi kyau shi ne bakin tekun Phra Nang, a zirin Railay. Ba tsibiri ba ne a gaskiya, duwatsu ne suka datse shi daga sauran gari, sai ta ruwa ake zuwa. Wanda ya saba da Kufena, dutse mai sulɓi a kwance, zai ga wani iri daban: bango ne a tsaye kyam, bishiyoyi sun maƙale a jikinsa, daga samansa wasu tsinayen dutse na reto kamar kakin da ya narke ya daskare. Masu hawan dutse da igiya sun mayar da wurin makaranta. Abu biyu za a kiyaye. Birai suna fizge leda da duk abin da ya yi kama da abinci. Sannan kogon da ke ƙarshen gaɓar wurin bauta ne na masunta, cike yake da sassaƙen katako masu siffar al'aurar namiji. Mai tafiya da iyali ya tsaya daga nesa, ba abin da zai rasa. Shigar masu wanka kuma ta Turawan yawon buɗe ido ce, kowa ya sani tun daga gida. Wanda Phra Nang kawai yake so ba ya buƙatar zagayen ma: kwalekwale daga Ao Nang zuwa Railay minti 10 zuwa 15 ne, an daɗe ana biyan baht 100, sai dai ba ya tashi sai mutum takwas sun cika, kamar motar haya a Kwangila.

Ta fuskar abinci da salla Krabi ta fi Bankok sauƙi. Musulmi suna da yawa a lardin, da dama daga direbobin jiragen ma Musulmi ne, akwai babban masallaci a kan titin da ya gangaro bakin tekun Ao Nang, ga shagunan halal a kewayensa. Duk da haka a faɗa tun wajen yankar tikiti cewa abincin halal ake so. Shinkafa ce da kaza da ganye da kankana ko abarba, ba ta da laifi, ba ta kuma kai a ba da labari ba. Ruwan teku ana alwala da shi. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, wanda ya fuskanci gabas bisa sabo ya ba ta baya. Zagayen yamma yakan cinye magariba a kan ruwa, wasu jiragen kuma da giya da kiɗa suke tafiya, a tambaya kafin a biya.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu teku a kwance yake. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ke kaɗawa, ruwa ya gurɓace, a soke tafiya da safiyar ranar, don haka a ji yadda ake mayar da kuɗi kafin a miƙa su. Idan aka kafa jar tuta a bakin teku ba a shiga ruwa. Lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 1155 ce, ta motar asibiti 1669.