Ƙaramin famfon taya na lantarki: yana aiki, sai ranar da aka haɗa shi da safaya

Irin famfon nan ne mai kamar ɗan akwati, wanda ake soka wayarsa a ramin kunna sigari na mota. Kun san su, sun cika kasuwa, kun kuma san kuɗinsu. Na saye shi ne saboda tafiyar Sallah daga Kaduna zuwa Kano da iyali, lokacin da layin masu faci yake kai wa bakin titi.

A tayoyi huɗun da ke ƙasa ba ni da ƙorafi sosai. Tayar da iskarta ta sauka zuwa 26 a ma'aunin iska na PSI, cikin minti uku ya mayar da ita 33. Sai dai gejinsa yana ƙarya: muddin yana aiki allurar tana nuna sama da abin da ke cikin tayar, sai an kashe shi ta faɗo. Bakinsa kuma na murɗawa ne, kafin ka kwance shi iska ta ɗan tsere. Maganin shi ne ka wuce adadin da kake so da ɗaya ko biyu, sannan ka tabbatar da ƙaramin gejin hannu. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. In ka auna a Tashar Yari bayan ka yi gudu, za ka ga ta ƙaru. Kar ka sace iskar, zafi ne.

Abin da ya ɓata min rai safaya ce. 'Yar siririyar safayar nan da ke zuwa da motoci da yawa 60 take buƙata, a jikinta aka rubuta, kuma ita ce wadda kowa ke mantawa da ita a but har ta koma 15 ko 20. Da aka jona famfon, ya kai 40 lafiya lau. Daga nan muryarsa ta canza, jikinsa ya yi zafin da ba a iya riƙe tiyon, wajen 48 ya yi tsit. Fiyus ɗin ramin sigari ya ƙone, kuma da shi cajar waya ta tafi, a daren jajibere, babu shagon da ke buɗe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, amma babu mai sayarwar da zai gaya maka. Iska na ƙaruwa a cikin taya, injin famfon na ƙara jan wuta, fiyus ɗin wannan ramin kuwa yawanci amfiya 10 ne ko 15. In motar a kashe take abin ya fi muni, don batir kaɗai ke ɗauke da nauyin. Ga shi kan wayar tasa ba ya zama daram a ramin, yana motsi yana ɗaukar zafi. A kwalinsa an rubuta 150 da manyan baƙaƙe, wai iyakar ƙarfinsa ke nan. Abin da 60 ta gagare shi a zama ɗaya, ina zai ga 150? Gargaɗin cewa a hutar da shi bayan minti goma yana can cikin takarda da rubutun da sai da tabarau.

Washegari da sabon fiyus ya ƙarasa aikin, amma da sharaɗi: mota a kunne, minti biyar yana aiki, minti goma yana hutawa, zama uku kafin ya kai 60. Don haka wanda zai saya ya haɗa da fiyus biyu ko uku, ja shi ne 10, shuɗi 15, a mayar da irin wanda aka cire. Kada wani bakanike ya naɗa maka zaren waya a gurbinsa, ta haka ne ake ƙona wayoyin mota. In da hali ma, a nemi irin wanda ake maƙalawa kai tsaye a kan batir.

Kuma famfo ba ya gyara tsohuwar taya. Lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya 'yar Beljiyam, mota cike da yara da buhunan tsaraba, ga kwalta ta ɗau rana wajen Kwanar Dangora, ko iska nawa ka ba ta tana iya fashewa. Safayar ma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

Da farko maki uku cikin biyar na yi niyyar ba shi. Amma wayarsa da ƙyar take isa tayar baya, sai an zuro ta ta taga, jakarsa kuma ta yage tun fitarwa ta biyu. Biyu da rabi. Yana nan a but ɗin dai, tare da fiyus uku a cikin kwalin ashana.