Katin DHV11: ya raba PDP-11 ɗina da yawan katse hanzari

Wata uku ke nan da na sa wannan kati, mai haɗa kwamfuta da allunan da ake aiki a kansu, a cikin tsohuwar kwamfuta PDP-11/73 da nake ajiye da ita a ɗakin baya, tana tafiya da 2.11BSD, wani nau'in babbar manhajar Unix. Na hannu na saya a eBay daga wani ɗan kasuwa a Amurka, lambarsa M3104.

Da can katin DZV11 nake amfani da shi, mai layi huɗu, kowane layi na allo ɗaya. Idan ni kaɗai ne a kan VT100, wato allo mai madannai da ke jone da injin, lafiya lau. Amma da zarar ƙanina da abokinsa sun zauna a sauran allunan suna zubo dogon rubutu, sai injin ya kama jan ƙafa, in danna harafi in jira kafin ya fito. Na fara zargin faifai. Mako biyu na ɓata a kansa, ashe ba ruwansa. Da na kunna vmstat, manhajar da ke nuna aikin da injin ke yi, sai na ga adadin katse wa furosesa hanzari yana tashi daidai lokacin da rubutu ke kwarara, ya sauka idan ya tsaya.

Haka aka ƙera DZV11 tun asali: duk harafi ɗaya da zai fita, sai ya katse wa furosesa hanzari ya nemi na gaba. A gudun 9600, wato bit 9600 a daƙiƙa, harafi 960 ke fita a daƙiƙa ɗaya, tunda kowane harafi bit 10 yake ci a waya. Layi huɗu a cike, katsewa 3,840 ke nan. Kamar a aiki yaro kasuwa ya riƙa kawo gero ƙwaya-ƙwaya, kuma kowane zuwa sai ya yi sallama an amsa. Na rage gudun zuwa 2400, abin ya yi sauƙi, amma kallon allo yana cika a wannan gudu sai mai haƙuri.

DHV11 kuwa DMA yake yi, wato yana ɗibar bayanai kai tsaye daga ƙwaƙwalwar injin. Furosesa zai nuna masa inda rubutun yake a ƙwaƙwalwa da yawansa, katin ya kwashe da kansa, sai ya gama ya yi magana sau ɗaya. Ranar da na gwada, mu uku muka saki rubutu a 9600 lokaci guda, ni kuma ina harhaɗa manhaja a gefe. Harafina na fita ina dannawa. Ga kuma layi takwas maimakon huɗu, ko da yake ba ni da allunan da zan cika su.

Sa shi dai ya ba ni wuya. Mai sayarwar bai haɗo da kebul ɗin da ke zuwa allon soket ba, sai da na yi wani odar daban na ƙara jira. Adireshi da bekta kuma, wato lambobin da injin ke gane katin da katsewarsa da su, da ƙananan makunnai ake saita su a jikin katin, dole su dace da abin da ke cikin /etc/dtab, fayil ɗin jerin na'urori, sannan a sake gina kanel, wato zuciyar babbar manhajar, da direban katin a ciki. Makunni ɗaya na juya ba daidai ba, injin ya tashi kamar babu katin, na kwana ina cewa mushe aka sayar mini. Yana kuma ɗaukar zafi fiye da tsohon, shi ya sa a watan Afrilu ba na kunna shi sai da fanka a kai.

Mai allo ɗaya ya riƙe kuɗinsa, DZV11 ya ishe shi. Mai allo uku ko huɗu ya saya, amma ya tambayi mai kayan ko da kebul kafin ya biya.