Haihuwa a Akra ko goyon ciki a Kano? Amsa ga amaryar unguwar Maamobi

Salamu alaikum mata. Ƙanwarmu da aka kawo daga Kano bara ta yi tambaya, cikinta na fari ya shiga wata biyar, Hajiyarta ta matsa lallai ta taho gida goyon ciki ta haihu a gabanta ta yi wankan jego, maigida kuma yana cewa ta zauna a nan Akra tunda ta riga ta fara awo, wai ina ya fi? Na ga amsoshi kala-kala, wasu "ki tafi gida kawai", wasu "Gana ta fi asibiti", to ni na haihu a can na haihu a nan, bari in jera miki su kusa da kusa ki duba da kanki. Amma tun yanzu ki san inda na karkata, ni dai a ganina ki zauna, a ɗauko miki Hajiya ko wata gwaggo ta zo.

Awo tukunna. A nan Gana tun 2008 gwamnati ta sa masu ciki cikin inshorar lafiya ta NHIS ba tare da sun biya kuɗin shekara ba, kin je da shaidar ciki a yi miki kati, ya rufe awo da haihuwa har da tiyata idan ta kama, da duba ki bayan haihuwa. Dokar mazaunin ƙasa ta ce ba ɗan ƙasa kaɗai ba, amma ke da ba 'yar Gana ba za su nemi shaidar zamanki, katin nan na baƙi da hukumar katin shaida ta Gana, wato NIA, ke bayarwa wanda ake sabuntawa duk shekara, saboda haka idan maigida bai yi miki ba ki tada shi tsaye yau ba gobe ba. Kuma kar ki ji kyauta ki ɗauka hannu rabbana zaki je, a'a, sikanin da wasu gwaje-gwajen da maganin da aka ce babu a famasin asibiti duk daga aljihunku zai fita, ga kuma doguwar takardar kayan haihuwa da nas zata miƙo miki, Dettol, Parazone, leda ta shimfiɗa, auduga, sabulai, zannuwan jariri, wani lokaci ma har ki ce lefe ake haɗawa. Kano ma gwamnati ta daɗe tana shelar haihuwa kyauta a asibitocinta, kuma can ma haka zancen yake, sunan kyauta ne amma sai an sayo safar hannu da allurai. Ta fannin kuɗi dai ban ga wani tazara mai yawa ba idan asibitin gwamnati ne, wanda ya tafi na kuɗi kuwa ko a ina ne zai ji a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni a nan littafin nan ne da suke ba mai ciki, guda ɗaya tal, a ciki ake rubuta awonki da jininki da nauyinki, in kin haihu a ci gaba da rubuta na yaro a cikinsa, rigakafi da sikelinsa har ya shekara biyar. Kuma daga wata huɗu zasu fara baki Fansida ƙwaya uku na kariyar zazzaɓin cizon sauro, ba wai ki tafi da shi gida ba, nas na tsaye a kanki da ruwan leda sai ta ga kin haɗiye ta sa hannu. To kin ga ke yanzu tarihin cikin nan naki yana hannun waɗanda suka fara ganinki, sun san jininki in yana hawa, sun san kwanciyar yaro. In kika ɗauke ƙafa kika tafi Kano a wata bakwai sabon kati zaki yanka, sabon layi, sabbin gwaje-gwaje, likitan da bai taɓa ganinki ba. Ba wai ba a yi bane, ana yi kullum, amma ciki na fari ba a san halinsa ba sai ya zo.

Asibitoci kuwa kowa na da nasa. Nan ga na Maamobi a bakin ƙofarki, in abu ya fi ƙarfinsu su tura Ridge ko asibitin sojoji na 37 ko Korle Bu. Can ga Murtala, ga Nassarawa, ga na Malam Aminu Kano, kuma wallahi akwai ƙwararrun likitocin mata a Kano da ba za a nuna musu komai ba. Cunkoso duk biyun akwai, rashin gado duk biyun akwai, neman wanda zai ba da jini a ajiye kafin ranar duk biyun akwai, wannan ma ki gaya wa maigida ya nemi abokansa biyu tun yanzu. Wata ta kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, cewa cikin haihuwa dubu ɗari mata 1,047 ke rasuwa a Najeriya, a Gana 263. Haka ne, amma kar ya firgita ki, lissafin ƙasa ne baki ɗaya, da yawa daga cikinsu matan karkara ne da suka haihu a ɗaki ba awo, jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama su asibiti na nesa. Abin da ni na karanta a cikin lambar shi ne a gida an fi sakaci da zuwa asibiti, ana jinkiri, a ce bari a jiƙa rubutu tukuna, bari a kira ungozoma, bari gari ya waye. A nan kuwa ko makwabciyarki 'yar ƙabilar Ashanti ko ƙabilar Ga ta ji kin yi nishi sau biyu ta tare tasi.

Inda Kano ta yi wa Akra fintinkau a ɗakin haihuwa shi ne harshe. Naƙuda in ta yi naƙuda Turancin da kika iya guduwa yake, a can da Hausa zaki yi kukanki a amsa miki da Hausa. Nan in kika dace da nas 'yar zango, wato unguwar Hausawa, to, in ba haka ba Turanci ne da yaren Tuwi, saboda haka ki samu wata babbar mace a gidanku da ta iya yaren ta raka ki, kar ki tafi daga ke sai miji, dan ba ko'ina ake barin namiji ya shiga ba.

Sai hanya, wadda masu cewa ki tafi gida ba su cika lissafawa ba. Ta mota iyaka uku zaki ƙetare, Aflao ki shiga Togo, ki shiga Binin, ki fito Seme, sannan fa a Legas kike, Kano na can gaba da tafiyar da ta fi wadda kika yi. Mai ciki wata bakwai a wannan zaman, ƙafa ta kumbura, fitsari kowane lokaci, ban ba ki shawara ba sam. Ta jirgi kuma sai kin sauka Legas ko Abuja kin canza, kuma yawancin kamfanoni daga sati 28 suna neman takardar likita, daga wajen sati 36 ba sa ɗauka, in tagwaye ne tun kafin nan. Kenan in tafiyar ce sai ki tashi da wuri, ki yi wata biyu ko uku kafin haihuwa, ki yi arba'in, ki jira takardun yaro, kafin ki dawo an doshi rabin shekara maigida na cin waken bakin titi. Wasu mazan ba komai, wasu kuma kin san sauran zancen.

Takardun yaro, a nan ne mutane ke ruɗewa. Haihuwa a Gana ba ta mai da yaro ɗan Gana, ba Amurka ba ce, tsarin mulkinsu na 1992 cewa ya yi sai in uwa ko uba ko ɗaya cikin kakanni ɗan ƙasa ne. Najeriya kuma ɗanki nata ne ko a ina kika haife shi tunda ke 'yar ƙasa ce. To in maigida ɗan zango ne mai katin Gana, haihuwa a nan ta fi muku sauƙi nesa ba kusa ba, ku yi rajistar haihuwa kafin ya shekara kyauta ne, shikenan. In ku biyun 'yan Najeriya ne, takardar haihuwar Gana zaku karɓa, ku nema masa lambar NIN, ku kai ofishin jakadancinmu na nan Akra a yi masa fasfo. In a Kano kika haihu kuwa dole ki karɓi takardar hukumar ƙidaya, a yi NIN, a yi fasfo kafin ki hau jirgi da shi, kuma fasfo ba ranar da aka ce ake samu ba. Kar ki raina zancen takarda a ƙasar nan, ki zauna da tsofaffin unguwar Nima su ba ki labarin 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibi.

Yanzu jego, dan na san shi ne ainihin abin da ke ran Hajiya, kuma tana da gaskiyarta. A gida mai jego sarauniya ce. Asuba ta fari an hura itace an ɗora tukunya, ga ganyen darbejiya ko runhu, wata tsohuwa ta gasa miki jiki, ki fito ga kunu da zafinsa, ga farfesu da yajin daddawa, rana ta huɗu a ci ƙauri, 'yan barka na shiga suna fita, jariri ba ya ma zama a hannunki sai in zai sha nono. Ba ki wanki, ba ki girki, ba ki shara har kwana arba'in, a gyara ki a yi miki kitso da lalle a maido ki da gara. Wannan Akra ba ta da shi, kar wani ya ruɗe ki. Nan gidan haya ne ɗaki da falo, banɗaki ɗaya gida guda ana layi da bokiti, famfo in ya ɗauke sai an sayo ruwa a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, ruwan zafin kuma a kan gas ko gawayi wanda kowanne kuɗi ne. Na ga wata baiwar Allah a layinmu kwana shida da yi mata aiki tana tsugune tana wanke zanin jariri dan ba ta da kowa, mijin ya fita kasuwa tun asuba, sai da matan gidan suka ƙwace bahon daga hannunta. Kaɗaicin nan shi ne haɗarin haihuwa a baƙon wuri, wata sai ta dinga kuka ba dalili, ba barci, ta ji ko yaron ba ta son ɗauka, a ce aljanu ne alhali ciwo ne da likita ke magani.

Amma fa matan zango ba su da dama wajen kara, in dai kina shiga mutane. Ki je suna ki je biki ki shiga adashi ki gaida magajiyar unguwa, ranar naki zaki sha mamaki, wata ta kawo koko da ƙosai da safe, wata ta ɗauki wankan jariri ta ce nata ne har cibiya ta faɗi, wata ta yi miki miyar kwakwa wai tana kawo ruwan nono. Suna kuma ba a magana, a kafa rumfa a tare layi, a yanka rago da safe malamai su yi addu'a, da yamma mata su fito da anko, ke kuma a sa ki cikin fararen kaya yadda masu jego ke yi a ƙasar nan. Wadda ta kulle ƙofa ta ce ita baƙuwa ce ita ce ke shan wuya.

Kuma jegon gida ma ba duka ne alheri ba, a nan zan ɗan taka tsofaffinmu su yi haƙuri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a jikin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan kamar hawan jini da rashin wasu sinadarai a abinci, amma ba likitan da zai ce ki ɗura kanwa safe da yamma, gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. A gidanku kuwa ba ki isa ki ce wa kakarki a'a ba. Haka zancen cire belu da wanzami ke yi, da ba jariri ruwa ko jiƙo tun bai yi wata shida ba, da gasa cibiya da tsumma maimakon maganin shafawa da asibiti ke bayarwa. In Hajiya ce ta zo ɗakinki, kunya da baƙunta zasu sa a yi sulhu, ruwa mai ɗumi ba mai salɓe fata ba, kunu ba kanwa, in aiki aka yi miki kuma a bar wurin ɗinkin ya huta. Duk inda kike, in kika ga numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ƙafa na kumbura, ciwon kai mai tsanani, ko jini na zuba da yawa, ko idon jariri ya yi ɗorawa, asibiti kai tsaye, nan lambar gaggawa 112 ce.

Rigakafi kusan ɗaya ne, BCG da ɗigon shan inna da an haihu, sai sati 6, 10 da 14, sai wata tara a yi na ƙyanda da shawara. Sai dai Gana na cikin ƙasashe uku da suka fara gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro tun 2019, ki tambaya a wurin awon yara ko ana yi a yankinku. In ku biyun jininku AS ne ki nemi a yi wa jariri gwajin ciwon sikila tun da wuri, a nan Gana a Kumasi aka fara wannan gwajin tun 1995.

Saboda haka in ni ce ke, kuɗin jirginki zuwa da dawowa da na hidimar wata biyar a Kano, a yanki rabi a yi wa Hajiya fasfo da katin allurar shawara, dan ba a shiga Gana sai da shi, ta sauka sati biyu kafin lokacinki. 'Yar ECOWAS ce, tana da kwana 90 ba biza, ya ishe ta ta ga naƙuda ta ga suna ta ga arba'in. In ba za ta iya barin gida ba saboda Alhaji da yara, a turo gwaggo ko yaya wadda ta san hannu. Ta taho da daddawa da kuka da yaji da turaren wuta, sauran duk akwai a kasuwar Nima. Wadda zan ce ta tafi gida ita ce wadda ba mai zuwar mata ko ɗaya, miji kuma direba ne ko ɗan kasuwa da ba ya kwana gari, ita kam ta nemi izinin likita ta tashi kafin wata bakwai ta jirgi, ta riƙe littafin awonta da duk hotunan sikanin a jakar hannu ba a akwati ba, kuma satin da ta sauka ta je ta yanki kati. Ki bari maigida ne zai kira Hajiya ya roƙe ta da bakinsa, in daga bakinki ya fito cewa za a yi kin ƙi gida. Allah ya raba lafiya.