Wata tara da injin buga kwanan wata a jikin kwalba

Ni ne mai kula da layin cika kwalabe a wata ƙaramar masana'anta da ke yin sabulun ruwa da man wanke gashi. Wata tara ke nan da muka kafa injin feshin tawada, irin wanda yake buga ranar yin kaya, ranar ƙarewar amfaninsa da lambar rukuni a jikin kwalba tana tafe a kan bel, ba tare da ya taɓa ta ba. Na daɗe da shi yanzu har na san halinsa, mai kyau da marar kyau.

Da can sitika muke ba da kwangilar bugawa da kwanan wata a jikinta, gwargwadon abin da muka tsara za mu cika. To tsari kuwa ba ya tsayawa yadda aka yi shi. Mai saye ya rage oda, ko murafe su makara, sai a wayi gari da naɗi-naɗin sitika masu ɗauke da ranar da ta wuce, ba su da wani amfani sai kwandon shara. Kwalaye kuma da hatimin hannu ake buga su, mai robar nan da ake juyawa da yatsa. Wata rana sabon wata ya kama cikin dare, mai hatimin ya juya ranar ya manta da watan. Washegari mutum huɗu suka wuni suna kwance kaya suna sake kwalaye, layi a tsaye, mota tana jira a ƙofa.

A lokacin ban san cewa wannan wahalar tana da suna ba. Taiichi Ohno, injiniyan da ya gina tsarin aikin Toyota a Japan bayan yaƙin duniya na biyu, ya kasa ɓarnar masana'anta gida 7, suna ce mata muda: yin abin da ya wuce buƙata, jira, ɗawainiyar kai-kawo da kaya, aikin da bai ƙara komai ba, tara kaya a sito, motsin banza, da kayan da suka fito da aibi. Ta farkon ce ya ɗauka uwar sauran. Sitikarmu kaɗai ta haɗa uku daga ciki, kuma muna kallonta a matsayin shiri mai kyau.

Yadda injin yake aiki abin kallo ne idan ka buɗe murfin kansa. Famfo yana tura tawada ta wani ƙaramin rami da kaurinsa bai wuce na silin gashi ba, wani sinadarin lu'ulu'u yana kaɗa ta sau dubbai a daƙiƙa guda har ta yanke ɗigo-ɗigo. Ɗigon da ake so ya zama harafi sai a ɗora masa cajin lantarki, faranti biyu su karkatar da shi ya faɗa jikin kwalba. Sauran su wuce cikin wani ɗan bututu su koma tanki. Da ido za ka ga kamar zare ne baƙi a miƙe. Kafin kwalba ta yi taku biyu a kan bel rubutun ya bushe.

Amma ba saurin ne ya saye ni ba. Abin da ya saye ni shi ne ya raba hannun mutum da kwanan wata. Takardar aikin kowane rukuni tana da bakod, wato baƙaƙen layukan nan da na'ura take karantawa. Mai layi ya haska ta, injin ya ɗauko saƙon da ya dace da kansa, ya ɗauki rana daga agogonsa, ya lissafa ranar ƙarewa. Babu abin da za a danna, balle a danna ba daidai ba. Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota shekaru da yawa, yana kiran irin wannan poka-yoke, wato a toshe ƙofar kuskure tun kafin a kai ga yinsa. Shi ne kuma ya dage cewa sauya inji daga wani kaya zuwa wani kada ya kai minti 10. A ɓangaren rubutu dai mun cim ma hakan har da rara, shi ya sa yanzu ba ma tsoron ƙaramar oda. Da kuwa sai mu cika fiye da abin da aka nema don kada sitika ta yi asara, sauran ya je sito ya kwanta.

Mai sito ma ya samu sauƙi, don rubutun yana karantuwa, wanda ya riga shiga shi yake riga fita. Da aka dawo mana da wasu kwalabe masu yoyo, lambar ta nuna mana rana da awa da layin da ya cika su, muka ware na wannan awar kawai.

Sai dai injin ya zo da tasa ɓarnar, kuma mai sayarwa bai ɓata bakinsa a kanta ba. Muddin zaren tawadar nan yana gudu, ruwan sirkinta yana ƙafewa, ko ana bugawa ko ba a bugawa. Layi ya tsaya awa guda ana gyara, shi yana nan yana sha. Ruwan yana da wari mai hawa kai, kuma yana kama wuta, dole a ajiye shi nesa da zafi a wuri mai iska. Gorar tawadar kuma tana da ɗan guntun lantarki a jiki, injin ba ya karɓar ta wani kamfani. Ka saye shi, ka auri tawadarsu ke nan.

Yana da fushi kuma. Idan aka kashe shi ta hanyar da ta dace, yakan wanke bakinsa da kansa kafin ya tsaya. Ranar da wani sabon ma'aikaci ya zare masa wuta kai tsaye zai tashi aiki, da safe muka tarar tawada ta daskare a ramin. Na fi rabin awa da kwalbar ruwan wanki a hannu, safar hannuna ta yi baƙi ƙirin, mutum goma suna tsaye suna kallona. Jiran da Ohno ya ce ɓarna ne, ga shi injin rage ɓarna ya kawo mana shi.

Wani laifin namu ne. Mun fara kafa shi bayan injin cikawa, kwalbar da sabulu ya ɗiga mata sai rubutun ya goge da shafar yatsa ɗaya. Da muka mayar da shi kafin injin cikawa, yana buga kwalba tun tana busasshiya, maganar ta ƙare.

Wanda layinsa yake gudu yini guda ba tsayawa, ina ba shi shawarar ya saya. Wanda yake aiki awa biyu ya huta uku, ya duba mai ƙaramin akwatin tawada irin na firintar ofis, ba ya shan ruwan sirki yana zaune. Na leza ba ya buƙatar tawada sam, amma yana son abin zuƙe hayaƙi, kuma ba a kowace roba rubutunsa yake fitowa sosai ba, sai a gwada a kan kwalbarka tukuna.

Abin da ya rage mana shi ne injin ba ya ganin abin da ya rubuta. Harafi zai iya gutsurewa ya ci gaba da bugawa hankalinsa kwance. Har yanzu duk rabin awa sai mai layi ya ɗauki kwalba ɗaya, ya karanta, ya murza da babban yatsa, ya sa hannu a takarda. Na rubuta wa manaja buƙatar kyamarar da za ta riƙa dubawa tana ture marar kyau gefe, ina jiran amsa.