Shagon Sayen Tsofaffin Jaridu a Wajen Katako: Abin da Na Tarar

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai yarda a jefar da jarida ba, saboda haka da muka tashi gyaran ɗakinsa a Unguwar Rogo kafin faɗuwar damina, sai muka tarar da tarin jaridu ya kusa taɓa silin. Galibinsu Nigerian Standard ne, wadda gwamnatin tsohuwar jihar Binuwai-Filato ta kafa a nan Jos a 1972, sai New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, da kuma Aminiya daga sama. Na ware waɗanda iyali za su so su adana, sauran kuwa gara ta riga ta fara cin su daga ƙasa. Ƙanena ya ce a cinna musu wuta a bayan gida kamar yadda aka saba, ni kuma ban ga dalilin da za mu turnuƙe maƙwabta da hayaƙin yini guda ba, har wani abokin aiki ya kwatanta mini wani shago a wajen Kasuwar Katako inda ake sayen tsofaffin takardu a kan sikeli.

Shagon ba shi da allon suna, rumfar kwano ce mai faɗi a bayan layin masu katako, kuma wanda bai tambaya ba zai wuce ta. Mai shi dattijo ne mai yara uku, kuma abin da ya fara burge ni shi ne tsarin rarraba kaya: kwali gefe guda, littattafan makaranta da farar takardar ofis gefe guda, jaridu kuma a ɗaure da igiya dami-dami. Ya gaya mini cewa mafi yawan jaridun da ke zuwa masa kwantai ne daga hannun dillalai, wato waɗanda aka buga ba a saya ba, wasu ma ko buɗe su ba a taɓa yi ba.

Wannan kwantan shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin takardar da ake buga jarida a kanta ba a ƙasar nan ake yin ta ba. Kamfanin da gwamnatin tarayya ta gina don wannan aiki a Oku Iboku, a jihar Akwa Ibom ta yanzu, ya fara aiki a 1986 da ƙarfin samar da tan 100,000 a shekara, amma injinansa suka tsaya tun cikin shekarun 1990, kuma takwarorinsa na Jebba da Iwopin ba su cike giɓin ba. Dazuzzukan malaina da aka shuka domin ciyar da su sun koma hannun masu yankan katako. Saboda haka da dala ake sayo takardar daga ƙasashe irin su Kanada da Rasha, inda ake sare itatuwan ƙasar sanyi masu ganye kamar allura, a niƙe su da inji har su zama kunu, aikin da ke cin wutar lantarki da ruwa mai yawa, sannan a ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Legas, a ɗauko ta a tirela zuwa maɗaba'a. Niƙan injin ba ya fitar da sinadarin da ke riƙe zaren itace, shi ya sa jaridun mahaifinmu suka yi ja kamar an shanya su a hayaƙi. Abin da ya yi irin wannan doguwar tafiya, a ganina, bai kamata a karanta shi da safe ya kwana a kwata ba, kuma idan ya ruɓe a ƙarƙashin bola inda iska ba ta shiga, iskar methane yake fitarwa, wadda ta fi hayaƙin carbon riƙe zafi.

An auna kayana a gabana, buhu biyar, kuma sikelin irin na rataye ne mai agogo. Kafin a ɗora, sai dattijon ya tambaye ni, "Malam, ka cire shafukan da ke da ayoyi?" Na ce, "Na cire waɗanda na gani, Baba, amma ban rantse na gama ba." Sai ya sa ɗaya daga cikin yaran ya zauna a kan benci yana buɗe jaridun Hausa ɗaya bayan ɗaya, yana zare shafin addini yana tarawa a wani kwali na daban, wanda ya ce shi da kansa yake ƙonewa a wuri mai tsabta. Aikin ya ci mana kusan sa'a guda, amma ban ji haushin jiran ba, domin shi ne abin da ya fi damun mahaifiyarmu tun daga gida.

Kuɗin da aka ba ni ba abin faɗa ba ne. Bayan na biya mai Keke Napep ɗin da ya kwaso kayan, abin da ya rage bai wuce na cefanen rana ɗaya ba, kuma shagon ba ya aika mota sai kaya sun yi yawa sosai. Duk wanda zai je don riba gara ya zauna a gida.

Inda takardar ke zuwa shi ne ainihin amfanin wurin. Dattijon yana sayar da mafi yawanta ga masu yin kiret ɗin ƙwai, waɗanda ke jiƙa ta, su dama, su zuba a mazubi mai siffar kiret, su busar, kuma duk wanda ya san yawan gonakin kaji da ke tsakanin Bukuru da Vom, da motocin ƙwai da ke fita daga Jos zuwa Abuja da sauran garuruwa, ya san kasuwar kiret ba ta mutuwa. Zaren takarda yana jure sake sarrafawa kamar sau biyar zuwa bakwai kafin ya gajarce ya daina kamawa, kuma kiret ba ya buƙatar zare mai tsawo ko a wanke tawada, don haka ko jaridar da gara ta taɓa tana da gurbi a can.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba, kuma na faɗa wa mai shagon. Na farko, kwanon rumfar yana yoyo ta kusurwar da aka jibge jaridu, na ga dami kusan goma sun yi baƙi da fumfuna har sun manne, kuma a garin da ake ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba wannan asara ce da leda mai kauri da 'yan katakai a ƙasa za su hana, ga shi kuwa a tsakiyar masu katako yake zaune. Na biyu ya fi nauyi. Ina tsaye wani mai tsire ya zo, aka zaɓar masa jaridu mafi tsabta, a farashin da ya fi na masu kiret. Tawadar jarida tana ɗauke da mai da sinadaran launi da ba a yi su don ciki ba, kuma nama mai zafi da maiƙo yana jan su, abin da ya sa hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya ta haramta naɗe abinci da jarida a dokarta ta 2018. Da na yi masa wannan bayani, dattijon ya yi murmushi ya ce tun yana yaro a jarida yake cin ƙosai. Ban iya sauya masa ra'ayi ba, amma ya amince cewa nawa kayan duka za su bi motar masu kiret, kuma na ga an jefa su a wancan tarin kafin in tafi.

Wanda zai kai kaya ya je da hantsi, domin bayan azahar wurin yana cika da masu kura da ke kawo kwali daga yankin kasuwar Terminus, kuma ya tabbata takardunsa a bushe suke, tun da ana rage wa jiƙaƙƙiya nauyi da ƙiyasin ido kawai, wanda ba kullum yake yi wa mai kaya daɗi ba. Ya kuma duba cewa allurar sikelin tana kan sifili kafin a rataya buhu. Ni dai zan koma bayan jarrabawar ƙarshen zango da tsofaffin littattafan rubutu na yara, kuma zan duba ko an gyara kusurwar nan mai yoyo.