Sharhi kan rangadin gandun dajin arewacin Tanzaniya ta hannun kamfanin yawon buɗe ido

Tsarin da na gwada shi ne wanda yawancin kamfanonin birnin Arusha suke sayarwa: a ɗauke ka daga filin jirgin sama na Kilimanjaro, a zaga da kai Tarangire, Serengeti da kwarin Ngorongoro cikin kamar mako guda, a Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa sama. Kuɗin ya ƙunshi mota, direba, masauki, abinci da izinin shiga daji. A ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma abu biyu ne ke gyara tafiyar ko su ɓata ta: inda aka ajiye ka ka kwana, da mutumin da ke riƙe da sitiyari.

Maganar masauki ita ce babba. Serengeti ta kai murabba'in kilomita 14,750, kuma garken nyumbu, dabbar nan mai kama da saniya mai gemu da yawanta ya haura miliyan ɗaya, ba ya zama wuri guda, ruwan sama da ciyawa yake bi. Daga Janairu zuwa Maris yana kudu, wajen Ndutu, inda ake haihuwa. Daga Yuli zuwa Oktoba yana can arewa, wajen Kogatende, inda yake tsallaka kogin Mara cikin kadoji. Kamfanin da na bi, kamar wasu da yawa, ya fi son ajiye baƙi a Seronera, tsakiyar dajin, domin nan ya fi masa sauƙi. Seronera ba ta da laifi, akwai zakuna da damisa duk shekara. Amma wanda ya biya kuɗi don ganin tsallaken kogi aka kwantar da shi a can, zai ƙare yininsa a hanya, ya isa bakin ruwa rana ta take. Tsallaken kuma ba shi da lokaci: garke kan taru a gaɓa sa'o'i, ya juya ya fasa. Sai wanda ya kwana biyu ko uku a kusa ne yake da rabo mai ƙarfi. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka nemi sunan kowane sansani, ka duba shi a taswira, ka gwada da watan tafiyarka.

Haka batun kwana a ciki ko a wajen daji. Na waje ya fi araha, sai dai ƙofa ba ta buɗewa sai ƙarfe 6 na safe, ga layin motoci, alhali zaki da kura da sanyin asuba suke harkarsu. Da hantsi ya ɗaga, sai dai ka ga wutsiya a ƙarƙashin inuwa.

Direban kuwa ya cancanci yabo. Direba nagari yana karanta daji: ya ga ungulaye na shawagi, ko barewa duk sun tsaya cak sun fuskanci gefe guda, ya san akwai magana. Yana ajiye mota rana na bayanka don hoto ya fita, ya kashe inji. Mara ƙwarewa rediyo kawai yake bi, ya kai ka inda motoci suka riga suka yi wa damisa ɗaya zobe. Ka tambayi shekarun direba a aikin, kuma kada ka yarda a wuce mutum shida a mota, kowa ya samu taga.

Inda na fi ganin gazawa shi ne bayanin kuɗi. Izinin shiga na sa'o'i 24 ne. In ka shiga ƙofar Naabi, mashigar Serengeti, da ƙarfe 2 na rana, ƙarfe 2 za ka fita a ranar ƙarshe, in ka makara a caje ka wani yini. Shi ya sa ake katse yawon safiya ana gaggawa, ba tare da an faɗa wa baƙo dalili ba. Sannan hanyar mota zuwa Serengeti ta cikin yankin Ngorongoro take ratsawa, ana biya zuwa da dawowa, sauka cikin kwarin kuma da nasa kuɗin daban a kan kowace mota. Duk wannan a sa a rubuta maka shi dalla-dalla, tare da shaidar lasisin kamfanin. Hanyar ita kanta burji ce mai gargada da ƙura. Mai ciwon baya ya koma ta ƙaramin jirgi, amma ya sani kilo 15 kacal ake yarda da shi, a jaka mai laushi.

Ngorongoro wuri ne da ba a tsallakewa. Zurfin kwarin ya kai mita 600, kuma nan ne aka fi sa ran ganin baƙar karkanda, ko da daga nesa ne, don haka madubin hangen nesa ya zama dole, kowa da nasa. Bakin kwarin ya haura mita 2,000 a sama, sanyin dare ba na wasa ba ne, a tafi da rigar sanyi mai kauri. Tarangire kuwa yini guda ya isa a ga giwaye da manyan kukoki, musamman da rani. Akwai ƙudan tsando a can, kuma baƙin tufafi da shuɗi suke bi.

Takardu a fara su da wuri. Masu fasfon wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya, ba a ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma kada a sayi tikiti kafin ta fito. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga wanda ya taso daga ƙasar da cutar take, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kuma a tuntuɓi likita. Tun 2019 Tanzaniya ta hana shiga da leda.

Abincin sansani ya gamsar, amma na rana da ake ƙunsawa a kwali kusan kullum iri ɗaya ne. Mai son naman halal ya faɗa tun lokacin biyan kafin alƙalami, domin daga gari ake ɗauko kayan girki. Ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka a shirya da direba tun safe inda za a tsaya a yi alwala da salla.