Darasin halayyar yara a jami'ar NOUN: abin da ɗalibi zai samu

Ga malamin firamare ko uwa mai aiki da ba su da halin zaman aji kullum, darasin girma da halayyar yara na jami'ar karatu daga gida ta NOUN ya cancanci wahalarsa. Littafin kyauta ne a intanet, ana sauke shi a waya. Maki 30 daga gwaje-gwajen TMA guda uku (ayyukan da ɗalibi ke yi ta intanet kafin jarrabawa) suke fitowa, sauran 70 daga jarrabawa. Wanda ya yi sakaci har aka rufe TMA ya yi asarar makin nan.

Gishirin darasin shi ne matakai huɗu na bunƙasar tunanin yaro da masanin halayyar yara Jean Piaget ya tsara: haihuwa zuwa shekara 2, 2 zuwa 7, 7 zuwa 11, sai 11 zuwa sama. Amma hadda kaɗai ba ta wadatarwa, kuma a nan karatun nesa yake da rauni, domin babu mai kai ka gaban yara. Sai ka gwada da kanka, da izinin iyaye. Zuba ruwa daidai a kofi biyu, ka juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya. Ɗan shekara 4 yawanci zai ce na kwalbar ya fi yawa, saboda tsayi yake kallo, bai lura da faɗi ba. Ɗan shekara 8 ba kasafai yake ruɗuwa ba.